Jan Fitsari da Rawayar Ido



Akwai wata al'ada a rubutun labaranmu wadda duk mai karatu ya san ta. Mutum zai yanke jiki ya faɗi, a kwashe shi sai asibiti, likita ya fito yana share gumi ya ce a daina tayar masa da hankali, a rubuta magani, shafi biyu gaba sai ga shi zaune yana shan farfesu. A wurinmu ciwo ne ke da labari, da an ambaci magani an rufe babi. To amma duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san ranar da aka miƙo maganin ce ma ake buɗe babin, domin wata shida cur za a yi ana sha, kuma ƙwayoyin da ke kashe cutar a huhu ta hanta suke bi su wuce. Wani lokaci sai hantar ta kasa ɗauka. Maganar da na kawo mana ke nan yau, kuma daga gidanmu na ɗauko ta, a Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo ta masarautar Gwandu.

Baffana, ƙanin mahaifina, manomin shinkafa ne, ya ba hamsin baya. Ya yi kusan wata uku yana tari. An sha na kemis, an sha zuma da citta, tari yana nan, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama har wando ya daina zama a ƙugunsa. Da aka kai kakinsa aka saka a na'urar GeneXpert, sakamako ya nuna tarin fuka ne, wanda wasu ke kira tibi, kuma irin wanda ke jin magani. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 47. Aka ba shi magani ba a karɓi ko kobo ba, domin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta ne ke bayarwa kyauta a duk faɗin ƙasa. Sai aka ce ana son mutum ɗaya a gida wanda zai tsaya kullum ya ga an haɗiye, ya yi alama a kati. Da yake ni ne na gama difiloma ta aikin akanta a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ina zaune ba aikin fari bare na baƙi, sai aka ce ai ga mai biro.

Gargaɗi biyu malamin asibitin ya yi mana, ya maimaita kowanne. Na farko, kada Baffa ya tsallake ko rana ɗaya, ko da ya ji garau. Na biyu, fitsarinsa zai yi ja, wataƙila har hawaye da gumi su sauya launi, kada mu tsorata, aikin maganin ne. Duka biyun gaskiya ne tsagwaronta. Ya kuma ce in an ga wani abu daban a dawo, amma wannan jimlar ta fita ne a daidai lokacin da na bayanmu ya riga ya zauna a kujera, ga benci cike, ga malamin shi kaɗai. Abin da mutum ya ji sau biyu shi yake kaiwa gida.

Bari in ɗan tsaya a kan ƙwayar kanta. Kowace ƙwaya ɗaya da ake sha a wata biyun farko magani huɗu ne aka cure wuri guda: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da itambutol. Nauyin mutum ne ke nuna ƙwaya nawa zai sha, shi ya sa ake fara hawa sikeli. Bayan wata biyu sai a koma kan biyun farko kaɗai har wata huɗu. Ba a banza aka kai ga wannan tsari ba. Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a Jamus ranar 24 ga Maris, 1882, ranar da har yau duniya ke tunawa da tarin fuka, amma sai da aka shafe fiye da shekara sittin kafin a sami maganin farko da ke kashe ta. Isoniyazid ya fito a 1952, rifamfisin ya biyo baya a shekarun 1960. A lokacin mutum kan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu yana shan magani. Gwaje-gwajen da aka yi a Gabashin Afirka da wasu ƙasashen Asiya a shekarun 1970 ne suka nuna cewa in aka haɗa rifamfisin da firazinamid za a iya rage wa'adin zuwa wata shida. Wato magungunan da suka gajarta mana wahala suna cikin waɗanda suka fi matsa wa hanta. A cikin huɗun nan itambutol ne kaɗai bai cika taɓa ta ba, shi ido yake taɓawa. Rifamfisin kuwa shi ne mai rina fitsari, saboda launinsa ne haka.

Mako huɗun farko lafiya lau. Tari ya ragu, gumin dare ya ɗauke, har Baffa ya fara tambayar tuwo da bakinsa. A mako na biyar sai abinci ya fita ransa. Ko ƙanshin miya ya ji sai zuciyarsa ta tashi. Ya ce mini, "Ɗana, jikin ga duk ya mutu," yana dafe da ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Fitsarin da ya saba yin ja kamar ruwan lemo na 'yan awoyi bayan shan magani sai ya koma duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta, kuma yini guda haka yake. Amma ai an riga an gaya wa gidan cewa fitsari zai sauya. Alamar da aka ce kada a damu da ita, ita ce ta rufe wadda ya kamata a damu da ita.

Gwaggo, yayar su Baffa, ita ta fara lura da idonsa. "Wagga shawara ta," in ji ta, "kuma kowa ya san ba a kai mai shawara asibiti. In anka yi mai allura an gama da shi." Nan take gida ya rabu biyu. Su Gwaggo suka ce a ajiye maganin asibiti a nemo jiƙon saiwar rawaya da sassaƙe. Mahaifina ya ce malami ya ce ko rana ɗaya kada a tsallake, don haka a ci gaba da sha, in ana so a haɗa da jiƙon. Kowane ɓangare da ƙauna yake magana, kuma kowace hanya cikin biyun tana iya kai mutum kushewa. Abin dariya a cikin abin kuka, sunan ciwon shi ne sunan abin da ya fi yawa a ɗakin mai ciwon, domin duk wanda ya shigo dubiya da tasa shawarar yake tafe.

Na daɗe ina tunanin inda wannan magana ta allura ta samo ƙarfinta, domin ba a Dangoma kaɗai ake faɗarta ba, ko'ina a ƙasar Hausa za ka ji ta. Ga yadda nake ganin abin. Shawara alama ce, abubuwa da yawa ke kawo ta: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, ƙwayoyin cutar hanta iri-iri, toshewar hanyar ɗaci, da magani. Wasu daga cikin waɗannan, kamar ciwon hanta nau'in A da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa, sukan warke da kansu cikin makonni, sai jiƙon da aka sha ya kwashe yabo. Wanda nasa ya yi tsanani kuma ba a kai shi asibiti sai ya fara sambatu, a yi masa allura, ya cika, sai allura ta kwashe zagi. In aka maimaita wannan shekara hamsin, dole ya zama karatun da kaka ke koya wa jika. Gwaggo abin da idonta ya gani take faɗa, lissafin ne aka yi a baibai.

Washegari Baffa ya amayar da ƙwayoyin 'yan mintuna bayan ya haɗiye. Tambayar da ta tsaya mini irin ta ɗan akanta ce: in yi alama a katin ko in bar gurbin, kuma a sake ba shi wasu ko a bari sai gobe? Na kira lambar malamin da ke rubuce a bayan katin. Bai ma bi ta kan tambayata ba. Ya ce, "Kwana nawa yana amai? Fito da shi waje cikin hasken rana, ka duba farin idonsa ka gaya mini." Na ce rawaya ne kamar garin ɗorawa. Ya ce, "Kada ya sake shan ko ƙwaya ɗaya. Kada a ba shi jiƙo, kada a ba shi farasitamol. Ku taho yanzu." Na ce, "Malam, ai kai ka ce kada mu tsallake." Ya ce, "To yau ce ranar da ake tsallakewa."

Daga wurinsa aka tura mu babban asibiti a Birnin Kebbi, aka ɗebi jini. Akwai wani sinadari da ake kira ALT, mazauninsa cikin ƙwayoyin hanta, ba ya yawa a jini sai in ƙwayoyin suna fashewa. A lafiyayyen mutum bai cika wuce 40 ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a dakatar da magani in ya ninka iyakarsa sau uku alhali mutum yana da alamu, ko sau biyar ko da mutum bai ji komai ba. Na Baffa ya haura ninki goma. Aka ba shi gado.

A nan ne kalmar "kyauta" ta nuna iyakarta. Ƙwaya kyauta ce, gwajin kaki kyauta ne, amma gwajin hanta, da maimaita shi bayan 'yan kwanaki, da ƙarin ruwa, da kuɗin mota, da abincin mai jinya, duk daga aljihu suka fito. Buhu biyu na shanshara aka sayar. Mu ma da sauƙi, domin daga Dangoma zuwa Birnin Kebbi tafiya ce da mutum zai je ya dawo kafin azahar. Ku tuna da wanda ke can ƙarshen jiha, a garin da mota ba ta shiga da damina. Shi in aka ce masa ya je gwajin hanta, tamkar an ce masa ya zaɓa tsakanin gwaji da abincin iyali ne.

Me ke faruwa a cikin hantar? Duk abin da muka haɗiye, hanji na tsotsewa sai ya miƙa wa hanta kafin ya zaga jiki. Ita ke warware magani ta mayar da shi abin da jiki zai iya fitarwa. A wajen warware isoniyazid akan sami wasu ɓurɓushi masu guba, waɗanda hanta mai ƙarfi ke kawar da su kafin su yi ɓarna. Rifamfisin kuma yana zaburar da ma'aikatan hantar su ƙara sauri, sai ɓurɓushin ya ƙaru. Firazinamid shi ake ganin ya fi sauran zafi, har sai da aka taɓa jingine shi a shekarun baya saboda ɓarnar da ya yi lokacin da ake ba da shi da yawa, daga baya aka dawo da shi a ƙaramin ma'auni. Mutane da dama, wajen ɗaya zuwa biyu cikin goma na masu shan isoniyazid, ALT ɗinsu kan ɗan tashi ba tare da sun ji komai ba, hantar ta saba ta daidaita da kanta. A wasu ne ba ta sabawa. Nazarce-nazarcen ƙasashe daban-daban sun ba da alƙaluma tsakanin kashi 2 zuwa 28 cikin 100, gwargwadon irin mutanen da aka duba da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Galibi kuma a wata biyun farko abin ke faruwa, lokacin da ake shan huɗun tare.

Kada wani ya ɗauka abin na talaka ne ko na ƙauye. A 1970, bayan an sami masu tarin fuka cikin ma'aikatan majalisar dokokin Amurka a Washinton, an ɗora mutum 2,321 a kan isoniyazid don kariya. Mutum 19 suka kamu da ciwon hanta, biyu suka mutu. Wannan ya sa hukumar lafiyar ƙasar ta bi diddigin mutum 13,838 masu shan maganin, aka sami mutuwar takwas, bakwai daga ciki a birnin Baltimo. Abin da ya fi fitowa fili a wannan bincike shi ne shekaru. A ƙasa da shekara 20 abin ya yi wuya ƙwarai. Daga 20 zuwa 34 kashi 0.3 cikin 100 ne, daga 35 zuwa 49 ya kai 1.2, daga 50 zuwa 64 ya kai 2.3. Masu shan giya kullum kuma nasu ya fi yawa. Haka nan a 2003 hukumomin lafiyar Amurka suka janye shawarar da suka bayar ta haɗa rifamfisin da firazinamid na wata biyu don kariya, bayan mutane sun mutu da ciwon hanta. Masu kuɗi da ɗakunan gwaji ma da gawa suka koyi wannan darasi.

To a ɗora Baffa a kan wannan ma'auni. Shekaru sun wuce hamsin. Jiki ya rame, kuma rashin abinci mai gina jiki yana cikin abubuwan da aka sani suna raunana hanta wajen kare kanta. Tarin fuka da yunwa dama tagwaye ne, kowanne yana kiran ɗan uwansa. Sai kuma abu na uku, wanda babu wanda ya san da shi a gidanmu sai da likita ya sa aka gwada: Baffa yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wataƙila tun yana yaro.

Wannan shi ne abin da na fi so mu riƙe, domin shi ne namu. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, wajen mutum ɗaya ke nan cikin goma sha biyu. Ku ƙirga sahun sallar asuba a masallacin unguwarku. Mafi yawansu ba su sani ba, domin ƙwayar kan yi shekara talatin ko arba'in a zaune shiru tana gatsar hanta. Ana ɗaukarta daga uwa wajen haihuwa, ko a ƙuruciya tsakanin yara, ko ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani aiki da ita: kaciya, tsaga, ƙaho, cire beli, yankan farce a kasuwa. Sai a 2004 aka shigar da riga-kafinta cikin alluran yara a Nijeriya, don haka duk sa'o'in Baffa, har da da yawa daga cikinmu masu karanta wannan, ba mu same ta a jarirai ba. A gefe guda kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta kusan rabin miliyan ke kamuwa duk shekara. In ka haɗa waɗannan alƙaluma biyu, ba sai ka yi difiloma ba za ka gane dubban mutane ne ke fara shan ƙwayar nan a kan hantar da dama a gajiye take. A ra'ayina gwajin nau'in B ya kamata ya zama abokin tafiyar gwajin kaki, a yi su rana ɗaya, kyauta ɗaya. Ɗigon jini ne da 'yan mintuna.

Akwai kuma tambayoyin da likita ke yi waɗanda ba a cika ba shi amsar gaskiya ba. Ya tambayi Baffa ko yana shan giya, Baffa ya kalle shi kamar ya zage shi. Shi dai bai taɓa sha ba. Amma likitan ya ce dole ya tambayi kowa, kuma a jiha irin tamu da ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, wanda ke sha ba zai amsa a gaban ɗansa ko matarsa ba. Kunyar da ke tsare mutunci a zaure, a ɗakin likita cutarwa take yi. Tambaya ta biyu ita ce ta jiƙo da tsimi da garin magani. Mutanenmu ba sa lissafa su a cikin magani, in ka ce "me kake sha?" sai a nuna maka na kwali kawai. Baffa ya yi makonni yana kurɓar wani jiƙo na ƙarin jini da aka aiko masa. Ba na raina ilimin itatuwa, kakanninmu da shi suka rayu. Sai dai jiƙo ba shi da ma'auni, na yau ya fi na jiya kauri, kuma shi ma ta hanta zai bi, ya tarar da baƙi uku sun riga sun cika mata ɗaki. Ta uku ita ce farasitamol, wanda muke sha kamar gyaɗa. Mai tarin fuka yana da zazzaɓi da ciwon jiki, sai ya sha na kemis, ya sha na mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, bai san ya ninka ba.

Sauran abubuwan a taƙaice. Mai cutar ƙanjamau haɗarinsa ya fi yawa, ga shi wasu magungunanta su ma suna taɓa hanta. Haka mai nau'in C. Mace mai ciki, da wadda ba ta wuce wata uku da haihuwa ba, ana sa mata ido sosai. Akwai kuma na gado: hantar wasu mutane a hankali take warware isoniyazid saboda yadda aka halicci wani sinadari nata mai suna NAT2, kuma irin waɗannan sun fi saurin cutuwa. Wannan ba a ganinsa a fuska, shi ya sa saurayi ƙaƙƙarfa ma bai tsira daga a sa masa ido ba.

Ina jin tsoron abu ɗaya game da wannan rubutu, kada wani ya karanta ya je ya ce wa ɗan uwansa ya watsar da magani. Kafin a sami magani, cikin mutum goma masu tarin fuka na huhu da ake ganin ƙwayar a kakinsu, wajen bakwai ke mutuwa cikin shekara goma. Da magani kuwa kimanin 85 cikin 100 ke warkewa. Mafi yawan masu shan ƙwayar nan suna gama wata shidansu hanta ba ta ce uffan ba. Wanda ya yanke magani da kansa ya koma gida, tarin zai dawo, ya shafa wa yaran ɗakinsa, kuma yana iya dawowa a matsayin mai bijire wa magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala. Dakatarwar da malami ya sa aka yi wa Baffa tana da gwaji a gabanta da ranar komawa a bayanta. Wadda Gwaggo ta so a yi ba ta da ko ɗaya. Kuma ba sai ido ya yi rawaya ba, domin rawayar ido a makare take zuwa. Abinci ya fita rai, tashin zuciya, amai, kasala marar dalili, ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ƙaiƙayin jiki, fitsari mai duhu da ba ya washewa, ko wanne cikin waɗannan ya isa a ɗauki waya ranar. In mutum ya fara ruɗewa, ko barci ya yi masa yawa, ko jini ya fara fita daga dasashi, to wannan ba na jiran wayewar gari ba ne. Akwai ma lambar shirin tarin fuka na ƙasa, 3340, wadda ake kira kyauta.

Baffa ya yi kusan mako uku ba ya shan ƙwayar. Sai da ido ya washe, ALT ya sauko ƙasa da ninki biyu, sannan aka fara dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya. Aka fara da rifamfisin tare da itambutol, aka jira 'yan kwanaki aka sake gwaji, sannan aka ƙara isoniyazid. Firazinamid kuwa likita ya ce ba za a sake ba shi ba. Wannan ya kawo wata sabuwar wahala, domin ƙwayar da ake rabawa a ƙananan asibitoci curarriya ce, ba a iya zare magani ɗaya daga cikinta, sai an nemo kowanne daban. Kuma rashin firazinamid ya mayar da wata shida zuwa wata tara. Katin da na fara cikewa da rani sai da ya ga girbin shinkafa. Aka gwada kaki a ƙarshe, babu komai. Yanzu hantar ce ake bi, saboda nau'in B ɗin yana nan, ana duba shi lokaci zuwa lokaci.

Mu da ke rubutu, ina ganin akwai dukiya a nan da muke wucewa ta gefenta. Muna wahalar ƙirƙiro kishiya mai asiri da boka mai jan ƙyalle don mu sami rikici, alhali ga rikici a ɗaki ɗaya tsakanin yaya da ƙaninta, kowa yana son ran mutum guda, kowa yana riƙe da rabin gaskiya. Ga malamin asibiti da ke da minti uku ya zaɓi jimlar da zai maimaita. Ga magidancin da aka tambaya ko yana sha a gaban ɗansa. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kuma rai na iya salwanta. Sannan mu tuna su wa ke karanta mu. Littafin da ake turawa a WhatsApp yana shiga ɗakunan da takardar faɗakarwa ta ma'aikatar lafiya ba ta taɓa shiga ba, kuma galibi matan da ke karanta shi su ne masu jinya a gidajensu. In jarumar labarinki ta yi aman jini, ki ba ta kati, ki ɗora ta a sikeli, ki sa fitsarinta ya yi ja ta tsorata a banza, sannan ki sa wani a gidan ya san bambancin wannan ja da wancan duhun. Ba sai kin tsayar da labari kin yi lacca ba. In kuma ka sa jiƙo ya warkar da shawara a babi na goma don labari ya yi daɗi, ka sani akwai Gwaggon da za a karanta wa, ta ƙara samun hujja.

Bayan an sallami Baffa likita ya ce a gwada duk mutanen gidan. Mu goma sha ɗaya muka je, uku aka samu da nau'in B, har da Gwaggo. Sauranmu aka fara mana riga-kafi, allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Akwai kuma jikokin Baffa biyu 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda tun farkon jinya aka ɗora su a kan maganin kariya saboda a ɗakinsa suke yini, kuma shi ma akwai isoniyazid a ciki. Da uwarsu ta ga abin da ya sami surukinta sai ta ce ita kam ta daina ba su. Malamin ya zaunar da ita ya yi mata bayani cewa a shekarunsu hanta ba ta cika cutuwa ba, tarin fuka kuwa a ƙaramin yaro yana iya hawa har ƙwaƙwalwa. Ta yarda, amma da nata tsarin. Kowace safiya sai ta tabbatar sun ci abincin daren jiya da marmari, ta fito da su tsakar gida ta duba idonsu a rana, sannan ta ba su. Haka ta yi har suka cika watanninsu.